Ƙaurace wa gidajen mai: anya yana sauko da kuɗin esansi?

A shirinmu na daren Laraba wani ɗan kabu-kabu ya bugo waya daga wani gari da ke kan hanyar Maraɗi zuwa Ɗan Isa. Ya ce yayansa da ke zaune a Amurka ya turo mashi saƙo ta WhatsApp, wai can idan mai ya yi tsada sai jama'a su haɗa baki su ƙi shiga gidan mai yini guda cur, ko kuma su ware kamfani ɗaya su daina sayen man shi, har sai ya ji jiki ya rage kuɗi. Sai ya ce mini: "To malam, mu me ya hana mu yi haka?" Lokaci ya ƙure mana a ranar, na yi mashi alkawarin zan kawo amsa a rubuce, saboda shi da yayan nashi duka su karanta.

Amsar a taƙaice: wannan dabara ba ta sauko da kuɗin mai. Ba ta yi a Amurka ba, inda aka fi gwada ta, kuma nan Nijar ta fi ma rashin hanya. Amma tambayar ba ta banza ba ce, domin akwai lokutan da jama'a suka tashi kuma farashi ya sauko da gaske. Sai dai ba ta wannan ƙofa suka bi ba.

Saƙon ya girme wa WhatsApp

Wannan saƙo tsoho ne. Tun 1999 yake yawo a Amurka ta wasiƙun intanet, ana sa rana a ce kada kowa ya sayi mai. An sake yi da ƙarfi a 2007, aka sa ranar 15 ga watan Mayu. Duk lokacin da mai ya hau sai saƙon ya farfaɗo, a canza kwanan wata, a sake turawa. Cikin shi har akan ce wai an taɓa yin haka a 1997 farashi ya faɗi a dare ɗaya, alhali babu wata shaida da ta nuna hakan ya faru.

Me ya sa bai aiki? Mu bar Amurka, mu ɗauki babur ɗin mai tambayarmu. A ce yana shan lita 3 a yini, wato lita 21 a mako. An ce ranar Talata kada kowa ya sayi mai. Me zai yi? Ranar Litinin da marece zai cika tanki, ko ya lallaɓa da abin da ya rage ya sha ranar Laraba da safe. Idan mako ya ƙare, lita nawa ya saya? Ashirin da ɗaya. Mai gidan mai bai rasa ko ɗigo ba, cinikin Talata ne kawai ya koma Litinin da Laraba. Kuma esansi ba tumatir ba ne da zai ruɓe idan ya kwana. Yana nan kwance cikin tanki ƙarƙashin ƙasa yana jiran ka.

Idan kuwa ya ce shi da gaske yake, ya jingine babur yini guda bai fita ba, to a nan an rage shan mai da lita 3. Amma dubi wanda ya fi asara. Mai gidan mai ya rasa ɗan abin da yake samu a kan lita 3, wanda bai taka kara ya karya ba. Shi kuwa ɗan kabu-kabu ya rasa kuɗin cefanen yini, idan babur ɗin na wani ne ma ga kuɗin da zai kai wa mai shi da dare. Matar da za ta kai yaro likita ta tafi a ƙasa. Wannan shi ne tushen matsalar: mai ba goro ba ne da mutum zai ce na bar ci wata guda. Injin niƙa, injin ban-ruwa na lambun albasa, motar da ke kai mu kasuwar ƙauye, duk ba su san fushi ba. Masu sayar da mai sun san da haka sarai.

To idan kamfani ɗaya aka ware fa?

Wannan ita ce dabara ta biyu, kuma ta fi kama da hankali. A Amurka kamfanin ExxonMobil aka fi sa wa ido saboda girman shi. A 2006 har hukumomin wata ƙaramar gunduma a jihar Texas, mai suna Bee, suka yi kira ga mutanensu su daina sayen man kamfanin sai farashi ya sauko. Tunanin shi ne: idan babban ya rasa masu saye zai rage kuɗi, sauran kuma dole su bi shi. Farashi bai sauko ba. Shekaru biyu bayan haka ma, a 2008, sai da ya hau fiye da yadda yake.

Ku ɗauka a garinku gidajen mai biyu ne, ɗaya gabas ɗaya yamma. Kowa ya ƙaurace wa na gabas ya koma na yamma. Motoci da babura ba su ragu ba, man da ake sha a garin bai ragu ba. Na yamma yanzu layi ya yi mashi yawa, man shi yana ƙarewa kafin la'asar. A ƙasar da ɗan kasuwa ke sa farashin shi da kanshi, me kuke jin zai yi? Ƙarawa zai yi, ba ragewa ba. Sannan yana buƙatar ƙarin mai da zai ba wannan taron. A ina zai samo? A hannun wanda man shi ya yi kwantai, wato dillalin da ke kai wa na gabas. Ka tsallake titi don ka hukunta mutum, ka je ka sayi man shi a famfon maƙwabcin shi.

Haka abin yake a Amurka. Man matatu daban-daban yana bin bututu ɗaya, ya sauka a manyan tankunan ajiya ɗaya, motocin kamfanoni su zo su ɗiba, kowa ya ɗiga ɗan sinadarin shi ya kai gidan mai mai ɗauke da tambarin shi. Kamfanin da aka ƙaurace wa sai ya sayar da man shi a sari ga gidajen man da ba su da tambarin kowa. Wani abin kuma da mutane da yawa ba su sani ba: galibin gidajen man da ke ɗauke da sunan manyan kamfanoni ba na kamfanonin ba ne, na ƙananan ƴan kasuwa ne da suka ɗauki sunan bisa yarjejeniya. Shi kanshi ExxonMobil a 2008 ya sanar da cewa zai sayar da sauran gidajen man da yake riƙe da su a Amurka, saboda ribar ba a bakin famfo take ba, tana wajen haƙo ɗanyen mai da tace shi. A 2010, lokacin da rijiyar kamfanin BP ta fashe a tekun Meksiko, mutum 11 suka mutu, mai ya malala wata da watanni, jama'a sun fusata sun ƙaurace wa gidajen mai masu tambarin BP. Waɗanda suka fara kuka su ne masu gidajen man na unguwa da yaran da ke aiki a wurinsu, mutanen da ba su taɓa ganin rijiyar da idonsu ba.

Sannan ga girman kasuwar kanta. Duniya tana shan ɗanyen mai wajen ganga miliyan 100 kowace rana, ganga guda kuwa lita 159 ce. Duk girman ExxonMobil, abin da yake haƙowa bai kai 5 cikin 100 na wannan ba. Manyan masu rijiyoyi kamfanonin gomnatoci ne, irin su Aramco na Saudiyya, kuma ƙasashen ƙungiyar OPEC da abokansu irin su Rasha su ne ke zama su ce a ƙara ko a rage abin da ake fitarwa. A Amurka rabin kuɗin da mutum ke biya a famfo, ko fiye, kuɗin ɗanyen mai ne, wanda a kasuwar duniya ake yanke shi. Sauran haraji ne da kuɗin tacewa da sufuri. Yaron da ke riƙe da bakin famfo ba ya cikin masu wannan magana.

Abin da ya faru a Maroko

Kada a ce sai misalin Turawa muke kawowa. A nahiyarmu an yi gwajin da ya fi na Amurka ƙarfi nesa ba kusa ba. A watan Afrilun 2018 ƴan Maroko suka fara kira a Facebook a ƙaurace wa kamfanoni uku saboda tsada: madarar Centrale Danone, ruwan kwalba na Sidi Ali, da gidajen man Afriquia, mallakar Aziz Akhannouch, attajiri kuma ministan noma a lokacin. Wannan ba na yini guda ba ne. An yi watanni ana yi, kuma jama'a sun bi sosai.

Sakamakon ya rabu biyu, kuma a nan darasin yake. Kamfanin madara ya durƙusa. Cinikin shi ya faɗi ƙwarai, sai da babban shugaban Danone ya taso daga Faransa ya zo da kanshi ya saurari mutane, a watan Satumba aka rage kuɗin wani nau'in madarar. Dalili a fili yake: madara ba ta jira, idan ba a saya ba ta lalace, kuma mutum yana iya komawa ga wata ko ya haƙura da ita gaba ɗaya. Ko a nan ma ba a ci nasara kyauta ba, don kamfanin ya rage madarar da yake saye a hannun makiyaya da kashi 30 cikin 100, ƙananan masu shanu suka ɗanɗana.

Mai kuwa bai sauko saboda ƙauracewar ba. Direbobi sun bar Afriquia sun koma wasu gidajen, suna biyan kusan kuɗi ɗaya. Maroko daga waje take sayo man da take sha, matatarta guda ɗaya ta tsaya tun 2015, kuma a ƙarshen wannan shekarar ce gomnati ta sakar wa ƴan kasuwa farashi. Abin da ƙauracewar ta yi shi ne ta tayar da magana a kan yawan ribar da kamfanonin ke ci, har majalisar dokoki ta fitar da rahoto. Sai a watan Nuwamban 2023, bayan shekara biyar, hukumar da ke kula da gasa tsakanin ƴan kasuwa ta ci kamfanonin mai tara tarar dirhami biliyan 1.84 a kan zargin haɗa baki. Shi kuwa Akhannouch, a 2021 ya zama firaminista. Ni a gani na ƙauracewar ba ta tafi a banza ba, ta buɗe ido. Amma wanda ya shiga don ya ga lita ta yi sauƙi a wannan shekarar, bai gani ba.

Akwai lokacin da ƙaurace wa kamfanin mai ya ci nasara cikin makonni, sai dai ba kan farashi ba. A 1995 kamfanin Shell ya so ya nutsar da wani tsohon dandalin ajiyar mai, Brent Spar, a ƙasan teku. Ƙungiyar Greenpeace ta tashi, Jamusawa suka daina shiga gidajen man Shell, ranar 20 ga Yuni kamfanin ya janye. Kun ga bambancin: an nemi abu guda ɗaya wanda yake hannun kamfanin, yana iya cewa e ko a'a shi kaɗai. Farashin mai ba ya hannun kamfani ɗaya haka.

Lokacin da farashi ya faɗi da gaske

Idan ana so a ga abin da ke karya farashin mai, a tuna da watan Afrilun 2020, lokacin cutar korona. Jirage sun tsaya, masana'antu sun rufe, an kulle mutane a gida. Shan mai a duniya ya ragu da kusan ganga miliyan 30 a rana. Tankunan ajiya suka cika har aka rasa inda za a zuba. Ranar 20 ga Afrilu, a kasuwar Amurka, farashin ganga ya sauka ƙasa da sifili, ma'ana mai kaya ne ke biyan ka ka ɗauke mashi. A famfo kuma galan guda, wato lita 3.8, ya koma ƙasa da dalar Amurka 2.

Wannan ita ce ƙauracewa ta gaskiya, amma ba wanda ya zaɓe ta, kuma dubi abin da ta ci: aikin miliyoyin mutane. Ko a haka ma masu rijiyoyi ba su zauna ba. OPEC da abokanta suka rage fitar da ganga miliyan 9.7 a rana, farashi ya fara komawa. Da duniya ta buɗe, yaƙin Ukraine ya zo ya ƙara, a watan Yunin 2022 galan a Amurka ya haura dalar Amurka 5. Wataƙila a irin wannan lokaci ne yayan mai tambayarmu ya fara ganin saƙon.

Mu dawo gida: wa ke sa kuɗin lita a Nijar?

A nan ne nake so masu saurarenmu su tsaya da kyau, domin tsarinmu ba irin na Amurka ba ne ko kaɗan.

Ɗanyen man da muke tacewa daga Agadem yake fitowa, cikin jihar Diffa. Yana bin bututu mai tsawon fiye da kilomita 460 zuwa matatar SORAZ da ke arewa da Damagaram, wadda aka buɗe a watan Nuwamban 2011. Ƙarfinta ganga 20,000 ne a rana. Kamfanin CNPC na ƙasar Sin ke da kashi 60 cikin 100, gomnatin Nijar kashi 40. Daga matata, kamfanin gomnati na SONIDEP ke ɗaukar man ya rarraba wa kamfanonin da ke da gidajen mai. Wato ko wane launi aka shafa wa gidan mai, ko wane suna aka rubuta a sama, daga tukunya ɗaya aka ɗebo. Kuɗin lita kuwa gomnati ce ke yanke shi, da harajinta a ciki, da kuɗin sufuri, da rabon SONIDEP, da ɗan abin da aka ware wa mai gidan mai. Shi ya sa kuɗin da aka rubuta a famfon Yamai shi ne a na Tawa da na Maraɗi.

Ga shaida. Kafin SORAZ ta fara aiki litar esansi tana sefa 679. Da man gida ya fito ta sauko ƙasa da 600, daga baya ta tsaya a kan 540, wato dala 108 a lissafinmu na kasuwa (dalarmu ta gida nake nufi, mai tamma biyar, kada ƴan Amurka su rikice). Ta fi shekara goma a nan. A cikin waɗannan shekaru ganga a kasuwar duniya ta haura dalar Amurka 100, ta faɗo, ta shiga ramin 2020, ta sake tashi a 2022. Famfonmu bai motsa ba. Gazuwal ne aka ƙara wa kuɗi a watan Agustan 2022, daga sefa 538 zuwa 668. Sannan a watan Yulin 2024 hukumomi suka rage duka biyun: esansi ya koma 499, dala ɗari ba tamma guda, gazuwal 618. Duk waɗannan sauye-sauye, hawa da sauka, da alƙalami aka yi su a Yamai. Babu ko ɗaya da ya zo saboda wani gidan mai ya rasa ciniki.

To idan muka ƙaurace wa gidan man wane, me zai iya yi? Ba shi ya sa kuɗin ba. Abin da aka ware mashi a kan lita kaɗan ne, ko ya sadaukar da shi duka ba za ka ji bambanci mai yawa a aljihu ba. Abin da zai faru shi ne ya sallami yaran da ke zuba mai, waɗanda ƙannenmu ne.

Ƴan ruwa-ruwa sun riga sun yi mana gwajin

Abin dariya shi ne, mu mutanen bakin iyaka mun daɗe muna ƙaurace wa gidajen mai ba tare da mun kira shi da wannan suna ba. Shekara da shekaru, daga Ƙonni zuwa Maraɗi har Magarya da Matamai, mutum nawa ne ke shiga gidan mai? Kwalabe da jarkoki na bakin hanya, man Najeriya mai tallafi, shi muke sha saboda ya fi sauƙi. Ba yini guda ba, ba wata guda ba. Gidajen mai da yawa a yankunanmu sun yi ta zaman jiran mai saye. Farashin hukuma ya sauko saboda haka? Ya ci gaba da zama a 540 a wancan lokacin.

Sai ranar 29 ga watan Mayun 2023 shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare a Najeriya. Lita da ke ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin ƴan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta kai naira 1,000. Man kwalba ya daina zama mai araha, kowa ya juyo gidan mai. SONIDEP da kanta ta bayyana cewa man da ke shigowa ta bayan fage ya kai kusan rabin abin da ƙasa ke sha a da. Wannan nauyi duka ya dawo kan matata ɗaya, wadda ba a gina ta don shi ba. A watan Maris na 2025 kowa ya ga abin da ya biyo baya: dogayen layuka a Yamai da sauran garuruwa, famfo a bushe, wanda ya matsu ya saya a bakin hanya da kuɗin da ya ninka na hukuma, har sai da aka nemo mai daga Najeriya.

Wani zai ce, ba muna fitar da mai waje ba? Muna fitarwa, amma galibi ɗanye ne. Bututun da ya tashi daga Agadem zuwa tashar ruwan Seme a Benin, mai tsawon kusan kilomita 2,000, wanda ya fara lodi a 2024, ɗanyen mai yake ɗauka. Ba a zuba shi a babur. Abin da ke iyakance esansinmu shi ne abin da SORAZ ke iya tacewa, da abin da aka sayo daga waje aka cika.

Wannan lamari na 2025 ya nuna wani abu da ba kowa ke son ji ba. Alƙalami yana iya rubuta 499, amma ba ya haifar da lita. Idan farashinmu ya yi ƙasa da na maƙwabta, jarkar da ke shigowa da mai tana iya juyawa ta fita da shi. Kuma ranar da famfo ya bushe, ba a maganar ƙauracewa, roƙo ake a samu.

Inda matsin jama'a ya yi tasiri

Ba ina cewa talaka ba shi da ta cewa ba ne. Yana da ita, idan ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Ranar 1 ga Janairun 2012 gomnatin Goodluck Jonathan ta cire tallafi, lita ta tashi daga naira 65 zuwa 141. Ƙungiyoyin ƙwadago suka shiga yajin aiki ranar 9 ga wata, Kano da Legas da Abuja suka tsaya cik. Bayan mako guda gomnati ta dawo da lita naira 97. An yi asarar rayuka, kada a manta da wannan. A Faransa, a ƙarshen 2018, masu riguna ruwan ɗorawa sun fito kan ƙarin harajin mai, a watan Disamba gomnati ta janye ƙarin. Mu ma nan gida, manya za su tuna 2005, zamanin shugaba Tandja Mamadu, lokacin da aka ɗora harajin TVA na kashi 19 a kan kayan masarufi irin su madara da fulawa. Ƙawancen ƙungiyoyin yaƙi da tsadar rayuwa, su Nuhu Arzika, suka kira ranakun rufe kasuwa da zaman gida, aka kama shugabanninsu, amma a watan Afrilu gomnati ta zauna da su ta sassauta.

A duk ukun nan babu inda aka ce a bar kamfani kaza a koma kamfani kaza. Gomnati aka fuskanta, a kan abin da ke hannunta, haraji ko tallafi. Kuma ba kullum ake samu ba. A 2022 ƙungiyoyin farar hula sun haɗu a ƙarƙashin M62 bayan ƙarin kuɗin gazuwal, sun yi ta kira, amma 668 ta zauna kusan shekara biyu. A Najeriya ma abin da aka hana a 2012 ya dawo a 2023, ya zauna. Tallafi kuɗi ne daga baitulmali, idan aka zuba shi a mai an rage shi a wani wuri, ko makaranta ko asibiti. Wannan muhawara ce ta gaske, kuma ita ta cancanci a yi ta, da alƙaluma a kan tebur. Ni da za a tambaye ni, tambayoyin da suka fi amfani su ne: a cikin kuɗin lita guda nawa ne na matata, nawa ne haraji, nawa ne sufuri? Ina aka kwana kan ƙara ƙarfin tacewa a cikin gida? Ƙungiyoyin direbobi da na ƴan kabu-kabu da na kare haƙƙin masu saye suna da bakin yin waɗannan tambayoyi, mu ma ƴan jarida aikinmu ne.

Akwai wurin da ƙauracewa ke aiki a garinku, kuma ina goyon bayanta: gidan man da famfon shi ke tauye mudu, ko mai kwalbar da ke gauraya mai da wani abu har ya kashe maka inji, ko wanda ke ɓoye mai lokacin ƙaranci ya fitar da dare a jarka. Wannan laifin mutum ɗaya ne, gyaran shi yana hannun shi. Idan ƴan kabu-kabun gari suka daina zuwa wurin shi, suka kuma kai ƙara ga hukumar kasuwanci, zai ji a mako guda.

Ga mai tambayarmu kuma, da yayan shi da ke can: kada ka jingine babur ranar Talata saboda saƙon waya. Idan kuɗin mai ne ke cin ka, duba iskar taya, wanke abin tace iska, gyara kafireto, kashe inji idan kana jiran fasinja. A lambunan Tawa da Agadas manoma da dama sun mayar da injin ban-ruwansu ya koma aiki da tukunyar gas, wasu kuma sun haɗa kuɗi sun sa famfo mai aiki da hasken rana. Ƴan uwa mazauna waje da ke tambayar me za su aiko wa gida, ga abin da za ku duba: faranti biyu ko uku na hasken rana da ɗan famfo a bakin rijiyar lambu. Manomin da ya samu wannan ya daina sayen esansin ban-ruwa, bana da baɗi da shekarar da ke biye.